Me ninki yake nufi bayan abokin hamayya ya tsoma baki a tayin wasan birij?

Malamin Lissafi (Jahun):
Assalamu alaikum. Ina da tambaya a kan wani hannu da ya raba kan teburinmu gida biyu, kuma ina roƙon waɗanda suka riga mu fara wasan birij, wato wasan karta na mutum huɗu, biyu da biyu, su raba mana gardama. Abokin wasana ya buɗe tayi da daimon 1 (tayi alkawari ne na yawan zagayen da za a ci sama da 6, tare da dangin kati, wato shebur, zuciya, daimon ko kulob, da zai zama turam, mai rinjayar sauran), wanda yake damata ya tsoma baki da shebur 1, sai magana ta zo kaina. Ga abin da nake riƙe da shi: shebur 7 da 4, zuciya Sarki, Jak, 8 da 5, daimon Sarauniya, 6 da 3, kulob Jak, 9, 5 da 2. A lissafin da muka saba, wato As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, maki 7 ke nan. Da bai tsoma baki ba, zuciya 1 zan ce ba tare da dogon tunani ba, amma tayinsa ya toshe mini wannan hanyar, zuciya 2 kuma ta fi ƙarfin hannuna. Sai na ce ninki, kalmar da a asali take ƙara maki da tara a kan tayin abokin hamayya, da nufin in shaida wa abokina cewa ina da zuciya 4. Shi kuwa ya ɗauka ninkin tara ne, wato ina ganin mai shebur ba zai cika tayinsa ba, ya wuce, mai shebur ya yi ci 8 cikin zagaye 13, aka rubuta musu 260, alhali abokin nawa ma zuciya 4 ke hannunsa. Wace ma'ana ya kamata wannan ninkin ya ɗauka?

Baba Hedimasta (ƙasar Ringim):
Wa alaikumus salam. Malam, a wurina abokinka bai yi laifi ba. Na koyi wannan wasa a shekarun 1970 a hannun malamai Indiyawa da suka koyar da mu a kwalejin horon malamai, kuma abin da suka ɗora mu a kai shi ne, idan abokinka ya riga ya buɗe tayi, to duk ninkin da ka yi wa mai tsoma baki na tara ne. Amfaninsa shi ne tsoron da yake sakawa. Mutumin da ya san ba za a ci shi tara ba zai riƙa shigowa da kowane tarkacen kati 5 da maki 8, kamar mai tsoma baki a cinikin sa a kasuwar Maigatari, ba don zai saya ba, sai don ya ɓata wa mai saye farashi.

Ga hannun da nake so masu sabon tsari, masu yin ninki don nuna dangi kamar yadda Malam ya yi, su duba mini. An buɗe daimon 1, an tsoma baki da shebur 1, ni kuma ina da shebur Sarki, Jak, 10, 8 da 5. Zuciya 7 da 3. Daimon 6 da 2. Kulob As, Sarauniya, 9 da 4. Ni nake jefa kati bayansa, saboda haka Sarauniyarsa da 9 ɗinsa suna ƙarƙashin katunana. Idan suna cikin hatsari, wato halin da tara da lada suke ƙaruwa, faɗuwa da 2 a ninke 500 ce, faɗuwa da 3 kuma 800, alhali ko gem, wato tayin da ke kawo babban lada, muka yi a babu turam, inda ba dangin da ke rinjayar wani, in ba mu cikin hatsari, 400 kawai za mu samu. To da wace kalma zan karɓi wannan 800 ɗin idan kun ɗauke mini ninki?

Malamar Asibiti (Gwaram):
Baba, Allah ya ƙara girma. Da farko dai tsarin ba sabo ba ne, domin Alvin Roth da Tobias Stone na Amurka ne suka fito da shi a 1957, har aka yi masa laƙabi da Sputnik saboda tauraron ɗan'adam da Tarayyar Sobiyet ta harba a watan Oktoba na wannan shekarar. Ya daɗe kafin ya game ko'ina, shi ya sa waɗanda suka koya a teburin gida suka ci gaba da tsohuwar ma'ana.

Hujjar masu tsarin hujja ce ta yawan aukuwa. Hannu irin na Malamin Lissafi, mai maki 6 zuwa 9 da kati 4 a babban dangin da ba a ambata ba (manyan danguna su ne zuciya da shebur), yana zuwa kusan kowane zama, kuma idan babu ninkin neman dangi, wato irin wanda ya yi, ba shi da abin faɗa ko kaɗan: zuciya 2 tana buƙatar kati 5 da maki 10 zuwa sama, babu turam 1 tana buƙatar katin tsaro a shebur, wato babban katin da zai tare dangin, daimon 2 da kati 3 kuma ƙarya ce. Hannu irin naka kuwa, Baba, mai shebur 5 masu ƙarfi a bayan mai shebur 5, sai a daɗe ba a gan shi ba.

Sannan 800 ɗinka ba ta ɓata ba, hanyar karɓarta ce ta sauya. Da wannan hannun wucewa za ka yi. Shebur 13 ne a cikin karta. Mai tsoma baki yana da aƙalla 5, kai kana da 5, saura 3 tsakanin abokinka da abokinsa, kuma kati 3 suna rabuwa 2 da 1 kusan sau 78 cikin 100. Ke nan abokinka gajere ne a shebur a mafi yawan lokuta, kuma ƙa'idar tsarin ta ɗora masa nauyin cewa idan tayin ya dawo kansa, kowa ya wuce, shi kuma yana da shebur 2 ko ƙasa da haka, to ya sake buɗe tayin da ninki ko da maki 12 kacal gare shi. Idan ya ninka, kai sai ka sake wucewa, ninkin neman dangi ya koma na tara.

Baba Hedimasta (ƙasar Ringim):
Malama, Allah ya yi miki albarka, bayani ya fita, amma a kan takarda. Mu a kan tabarma muke wasa bayan la'asar, gwiwa da gwiwa, kuma mutanen da nake zama da su sun san fuskata fiye da yadda na san ta. Mutumin da yake kallon shebur 5 masu Sarki, Jak da 10 ba ya cewa ya wuce da irin muryar da mai maki 3 yake faɗa. Zai ɗan dakata, ya sake buɗe katunan, ya gyara zaman hularsa, kafin nan kowa ya gane abin da ke ciki. Na hagu zai janye abokinsa zuwa wani dangi, abokina kuma zai ninka ne saboda ya ga na yi jinkiri, ba saboda katunansa ba. Na biyu kuma, idan aka yi rashin sa'a shebur 3 ɗin nan duk suna hannun abokina, ya wuce, shi ke nan an yi wasan ba ninki.

Malamin Gona (Kazaure):
Ranka ya daɗe, maganarka ta farko ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da aka faɗa, kuma dokokin wasan ba su yi shiru a kanta ba. Doka ta 16 a cikin dokokin birij na gasa, waɗanda aka sabunta a 2017, ta hana ɗan wasa yin amfani da abin da ya fahimta daga jinkirin abokinsa, ko muryarsa, ko yanayin fuskarsa. Idan ka daɗe kana tunani sannan ka wuce, kai ne ka ɗaure hannun abokinka, domin idan hannunsa na tsaka-tsaki ne, wanda zai iya ninkawa ko ya wuce, doka ta ce kada ya zaɓi abin da jinkirinka ya nuna masa. Maganin abin shi ne mutum ya yanke shawara tun yana jera katunansa: idan aka tsoma baki da wannan dangin, ga abin da zan ce. Mu da muke wasa a Bridge Base Online, dandalin wasan birij na intanet, ta waya muna da wata matsalar daban, domin a ƙauyenmu jinkirin intanet yana iya sa mai maki 2 ya zama kamar mai ɗana tarko, kuma babu yadda za ka rantse wa mutumin da ke wata ƙasa cewa sabis ne ya ɗauke.

Maganarka ta biyu kuwa ba ta kai yadda take tsoratarwa ba. Abokinka ba zai wuce ba sai idan yana da tsawo a shebur kuma hannunsa ƙarami ne, maki 12 ko 13. A haɗa da naka 10, ba ku kai 25 ɗin da ake nema don gem ba, don haka babu gem ɗin da kuka rasa. Mai shebur kuma zai tarar da abokinsa ba shi da turam ko ɗaya. Idan ya faɗi da 2 ko 3 yana cikin hatsari, kun samu 200 ko 300 ba tare da ninki ba, wanda ya fi 110 ko 120 da za ku samu in ku kuka yi ƙaramin kwantiragi, wato tayin da bai kai gem ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da mai buɗe tayi zai riƙe: ya tambayi kansa, da abokina ya yi ninkin tara irin na da, zan bar shi ya tsaya? Idan amsar e ce, to ya ninka. Idan kuma hannunsa mai dogon dangi ne, kamar daimon 7 ko danguna biyu masu kati 5 da 5, wanda bai dace da tsaro ba, sai ya faɗi danginsa.

Malamin Lissafi (Jahun):
Na gode ƙwarai. Malama, ina so a fayyace mini abin da ninkin yake alkawartawa a kowane hali, domin na lura ba kullum yake nufin abu ɗaya ba, sannan har zuwa wane mataki yake aiki.

Malamar Asibiti (Gwaram):
Gaskiya ne, Malam, ya danganta da abin da aka riga aka ambata. Idan an buɗe kulob 1 aka tsoma baki da daimon 1, ninki yana nuna manyan danguna biyu a tare, zuciya 4 da shebur 4, domin mai guda ɗaya yana da damar faɗinsa a mataki na 1. Idan an buɗe ƙaramin dangi, wato kulob ko daimon, aka tsoma baki da zuciya 1, ninki yana nuna shebur 4 daidai, faɗin shebur 1 kuma yana nuna 5 zuwa sama. A nan mai tsoma baki ya yi muku alheri bai sani ba, domin ya ba ku kalmomi biyu inda da kalma ɗaya kuke da ita. Idan da shebur 1 aka shigo, kamar a hannunka, ninki yana nuna zuciya 4 ko fiye, sai abokinka mai zuciya 4 ya ce zuciya 2 in hannunsa ƙarami ne, zuciya 3 in yana da maki 16 zuwa 18, zuciya 4 in ya fi haka. Idan kuma an ambaci manyan biyun duka, wato zuciya 1 da shebur 1, ninki na ƙananan danguna ne.

Akwai hannun da mutane suke yawan tuntuɓe a kansa, mai zuciya 6 da maki 7. Kada ya ce zuciya 2 kai tsaye, domin wannan tayin yana tilasta wa abokinsa ya sake magana, kuma zai ɗauka akwai ƙarfi. Ya fara da ninki, duk abin da abokinsa ya ce sai ya faɗi zuciya a mataki mafi ƙasa, wannan yana nufin tsawo ba ƙarfi, a tsaya nan. Batun mataki kuwa, a tsarin Amurka da yawancin masu wasa a intanet suke bi, wanda ake kira SAYC, ninkin yana aiki har zuwa shebur 2, amma ƙwararru da dama suna kai shi shebur 3 ko ma zuciya 4.

Ɗalibi (Bichi):
Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in sa baki. Na ga duk an karkata ga ninki, alhali a ganina abin da ya fi yawan jawo asara bayan an tsoma baki shi ne rashin nuna goyon baya ga dangin abokin wasa da wuri. A ce an buɗe zuciya 1, wadda take nufin kati 5, aka tsoma baki da kulob 2. Idan ina da shebur 9, 5, 3 da 2. Zuciya Sarauniya, 8, 6 da 4. Daimon Sarki, 7, 5 da 3. Kulob 2 tilo, maki 5 ne kawai, amma zuciya 3 zan ce nan take, domin turam ɗinmu 9 ne, kuma na tilasta wa na haguna ya fara magana daga shebur 3 ko kulob 4. Idan kuma ina da shebur As, 9 da 3. Zuciya Sarki, 8 da 6. Daimon Sarki, Jak, 7 da 5. Kulob 6, 4 da 2, maki 11, sai in ce kulob 3, wato dangin abokin hamayya, wanda babu mai hankalin da zai so ya yi wasa a cikinsa, don haka aka ba shi ma'anar goyon baya mai ƙarfi, maki 10 zuwa sama. Zuciya 2 kuma tana nan a matsayinta, kati 3 da maki 6 zuwa 9.

Tushen wannan shi ne ƙa'idar jimillar ci, wadda Bafaranshe Jean-René Vernes ya bayyana a mujallar The Bridge World a 1969, Larry Cohen kuma ya yaɗa ta a 1992. Tana cewa idan aka haɗa cin da kowane ɓangare zai iya yi a danginsa mafi tsawo, jimillar takan zo daidai da yawan turam ɗin ɓangarorin biyu. Abin da aka ciro daga ciki shi ne, a lokacin takara ku yi tayi har zuwa yawan turam ɗinku: 8 mataki na 2, 9 mataki na 3, 10 mataki na 4.

Malamin Gona (Kazaure):
Ƙanena, na yarda da rabon da ka yi tsakanin zuciya 3 da kulob 3, amma ka bi wannan ƙa'ida a hankali, domin kimantawa ce, ba lissafin da ba ya kuskure ba. Ka duba takardar maki. Idan ba ku cikin hatsari, zuciya 3 a ninke ta faɗi da 1, an ci ku 100, alhali da an bar su sun yi kulob 3 da sun rubuta 110. Kun ci riba. Idan kuna cikin hatsari kuwa, wannan faɗuwar 200 ce, kuma a gasar da ake kwatanta sakamakon kowane tebur da na sauran, 200 ta fi duk wani ƙaramin kwantiragin da za su iya yi, sai ku tsinci kanku a ƙasan kowa. Hannun da ka kawo yana da kulob tilo, shi ya sa ya yi kyau. Ka mayar da shi mai rabon 4, 3, 3, 3, ka sa Sarauniya da Jak a kulob, inda za su yi amfani a tsaro amma ba za su tsinana komai ba in ku kuke wasa, za ka ga turam 9 ɗin suna nan amma ci 9 ya yi nisa. Da irin wannan zuciya 2 ta wadatar.

Baba Hedimasta (ƙasar Ringim):
Yaro ya yi magana mai ma'ana, sai dai ya gina ta a kan cewa zuciya 1 kati 5 ce. Mu tsarin Ingila aka koya mana, Acol, wanda ya samo sunansa daga wani titi a Landan, kuma a cikinsa ana buɗe babban dangi da kati 4. Idan na buɗe zuciya 1 kai kana da 4, abin da ka tabbatar 8 ne, ba 9 ba, don haka wanda ya ɗauko wannan tsallen ya kawo teburinmu zai sha mamaki.

Ina kuma so in ja hankali a kan babu turam, domin na ga matasa suna faɗinta kamar ba a yi magana a gabansu ba. Bayan an tsoma baki, babu turam 1 ba mafaka ba ce ga wanda ya rasa abin faɗa, tunda yanzu yana da damar wucewa, abokinsa kuma zai sake samun magana. Tana nufin maki 8 zuwa 10 da katin tsaro na gaske a danginsu, kamar As, ko Sarki da rakiya, ko Sarauniya, Jak da ƙarami, domin da wannan dangin za a fara kai hari, kuma mai kati 5 yana jira. A nan ina jin babu saɓani tsakanin tsohon tsari da sabo. Tambayata ta ƙarshe ga Malama: idan da babu turam 1 aka tsoma baki, nan ma kun ƙwace mini ninkin?

Malamar Asibiti (Gwaram):
A'a, Baba, nan naka ne, ba wanda ya taɓa shi. Wanda ya tsoma baki da babu turam 1 yana nuna maki 15 zuwa 18, kuma maki 40 ne a cikin karta gaba ɗaya. Idan abokinka ya buɗe da 12 kai kana da 10, abin da ya rage wa abokin mai tsoma baki bai wuce 3 ba, saboda haka zai yi ta jefa kati daga hannunsa ba tare da ya samu hanyar shiga ɗaya hannun ba. Da maki 10 zuwa sama ninki na tara ne, kuma saboda duk hannu mai ƙarfi ta nan yake bi, faɗin sabon dangi a mataki na 2 ya zama na mai rauni da tsawo, ba ya tilasta wa kowa.

Maganarka a kan Acol ta nuna cewa kowane mutum biyu sai sun zauna sun daidaita kafin a raba kati, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: kati nawa ake buɗe babban dangi da su, ninkin neman dangi yana aiki har zuwa ina, tsalle na rauni ne ko na gayyata. Doka ta 40 kuma ta wajabta a sanar da abokan hamayya duk abin da aka daidaita a kai, ba a ɓoye shi.

Malamin Lissafi (Jahun):
Kafin a tashi, ga wani da ya zo mana jiya da daddare muna wasa a hasken fitilar sola. An buɗe kulob 1, na dama ya yi tsalle zuwa shebur 2, ni kuma ina da shebur 8 da 3. Zuciya Sarauniya, 10, 7 da 4. Daimon Sarki, 9, 6 da 2. Kulob Jak, 8 da 5. Siffar hannun ta dace da ninki sarai, ga zuciya 4 ga daimon 4, amma maki 6 ne.

Malamin Gona (Kazaure):
Malam, wucewa za ka yi. Ninki a kan shebur 1 yana kai abokinka mataki na 2 ne, amma a kan shebur 2 yana tura shi mataki na 3, inda ake neman ci 9, kuma idan maki 12 gare shi ba tare da zuciya 4 ba, kun hau sama da maki 18 babu dangin da kuka dace a kai. A wannan matakin ana son maki 9 ko kusa da haka. Da a ce Jak ɗin kulob ɗin nan As ne, ka kai 9, sai ka ninka ba tare da shakka ba. Da 6 kuwa ka wuce cikin saurin da ka saba, idan abokinka gajere ne a shebur zai sake buɗe tayin da ninki, a lokacin sai ka ce zuciya 3, kuma zai san ba ka da yawa tunda ka wuce da farko.